Gola Ba Ya Barin Sawu Sai An Rubuta

Ƙannena 'yan ƙwallo na Talata Mafara da Bakura da Maradun, musamman ku masu tsayuwa a raga, ko da son ranku kuka je can ko kuwa tura ku aka yi don kun fi kowa tsawo, maganar da zan yi da ku ta taso ne daga wani ɗan kwali wanda bai cika tafin hannu ba.

A ƙasar Kanada, inda sanyi ke daskarar da tafkuna na tsawon watanni, wasan da ya fi shiga ran mutane shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mutum shida ne a kowane ɓangare, ɗaya daga cikinsu gola. Abin da suke bugawa dunƙulen roba ne mai tauri, kuma masu ƙarfin hannu a yau suna harba shi da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Tun wajen 1910 kamfanoni ke buga hotunan 'yan wasan a ƙananan katuna. Da farko cikin kwalin taba sigari ake sakawa, daga baya aka koma saka su tare da cingam don yara su saya. Yara su yi musaya, su maƙala su a tayar keke don ta riƙa ƙara, uwaye kuma in sun tashi shara su kwashe su kai bola. Shi ya sa wanda ya tsira bai lanƙwashe ba ya zama dukiya. Har kamfanoni ake da su masu duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, suna lura da kusurwoyinsa da zaman hoton a tsakiya. A shekarar 2021 an sayar da katin Wayne Gretzky guda ɗaya, wanda kamfanin cingam na O-Pee-Chee ya buga a 1979, a kan dala miliyan 3.75. Kuɗin aljihun wanda ya adana katin suka shiga, shi kuwa mai hoton labari ya ji kamar kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gretzky mai cin ƙwallo ne. Katin da ya fi dacewa da ku shi ne na Jacques Plante, golan ƙungiyar Montreal Canadiens, wanda kamfanin Parkhurst ya fitar a 1955. A lokacin fuskarsa a buɗe take, domin babu golan da ke rufe fuska a wasa. Wanda ya nemi yin haka matsoraci ake ce masa. Haka aka yi ta fasa musu hanci da kumatu ana ɗinkewa, suna komawa cikin fili. Ranar 1 ga Nuwamba 1959, a birnin New York, wani ɗan wasa mai suna Andy Bathgate ya harbo robar nan ta yage wa Plante fuska tun farkon wasa. Aka shiga da shi ciki aka ɗinke. Da ma yana da wani abin rufe fuska da yake sawa a wajen atisaye, amma kocinsa Toe Blake ba ya son ganinsa da shi a wasa. Plante ya ce in ba da shi ba, ba zai koma fili ba. A zamanin ƙungiya ba ta tafiya da gola na biyu, sai dole koci ya haƙura. Suka ci wasan 3 da 1, suka kuma jera wasanni ba a doke su ba, bakin masu gori ya mutu. Plante ya ɗauki kofin babbar gasarsu sau 6 da Montreal, ya karɓi kyautar gwarzon gola sau 7. Yau a wasan nan ba a barin gola ya shiga fili fuska a buɗe.

Na kawo labarin ne saboda na san filayenmu. Ƙasa ce busasshiya, wani wurin tsakuwa, wani wurin marmara, da rani kuwa ta ƙeƙashe. Yaro ya yi tsalle ya faɗi da ƙugu, ya tashi yana ɗingishi, 'yan kallo na tafi suna cewa namiji ne. Tafin nan ba ya biyan kuɗin ɗori. In ka samo soson tsohuwar katifa ka kai wa tela ya ɗinka maka shi a wando wajen ƙugu da gwiwa, ka sa riga mai dogon hannu, ka zo da wuri ka tsince duwatsun gaban ragarka, za a yi maka dariya kwana biyu, sannan a fara tambayarka wane tela ne. Atisayen faɗuwa kuma a kan yashi ake koyonsa, kuma yankinmu bai rasa yashin gulbi ba. In an buge ka a kai har ka ga jiri ko ka yi amai, ka fita, ko wasan ƙarshe ne, ko wa ya ce ka daure.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a katunan nan shi ne bayansu. Gaba hoto ne, kowa na iya ɗaukar hoto. A baya kuwa an rubuta ranar haihuwar mutum da garinsu, tsawonsa da nauyinsa, wasa nawa ya buga a kakar da ta wuce, ƙwallo nawa aka zura masa, wasa nawa aka tashi ba a ci shi ko ɗaya ba. Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya zauna a gefen fili da alƙalami, wasa bayan wasa, shekara bayan shekara, yana rubutawa. Shi ya sa ɗan Kanada zai iya gaya maka cewa gola Terry Sawchuk, wanda aka yi wa ɗinki kusan 400 a fuska kuma ya rasu a 1970 yana da shekara 40, ya buga wasa 103 a gasar ba a zura masa komai ba, kuma sai a 2009 Martin Brodeur ya wuce shi. Ba musu, ba rantsuwa, ga takarda.

Wannan ya fi shafar gola fiye da kowa a fili. Mai cin ƙwallo aikinsa a bayyane yake, sakamakon wasa ma shaidarsa ce. Aikin gola kuwa shi ne abin da bai faru ba. Kamar mai gadin kasuwa yake: daren da ba a fasa shago ba, ba wanda ke tambayar sunansa, ranar da aka fasa kowa ya san shi. Ka kaɗe goma, guda ta suɓuce maka ta tsakanin ƙafafu, gudar nan za a yi ta maimaitawa a majalisa har jikokinka. In ba a rubuta goman ba, sun tafi kenan.

Ku gwada wani abu. Ku shiga gidan kallo ranar da ake wasan Firimiyar Ingila, ku tambayi samari golan kowace ƙungiya, za su lissafo muku har da na benci da kuɗin da aka saye shi. Sannan ku tambaye su wane ne Inuwa Lawal Rigogo. Shi ne ya tsare ragar Najeriya a shekarun 1960, ya yi wa ƙungiyar ECN ta Legas wasa, kuma manya na ba da labarin cewa shugaban Ghana Kwame Nkrumah ne da kansa ya raɗa masa suna mage mai tashi sama saboda irin tsallen da ya ga yana yi. Mutum mai sunanmu, amma ɗaki zai yi tsit. Ko Zamfara United da ta buga babbar gasar Najeriya tana karɓar baƙi a Gusau, ba shekaru masu yawa ba ne, ku tambayi wa ya tsare mata raga ku ji yadda za a yi ta gardama.

Ba wai mu ba mu da hanyar adana suna ba ne. Muna da ita, kuma mai ƙarfi: makaɗa. Wannan yanki shi ya haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991 amma sarakunan da ya yi wa waƙa har gobe ana ambatonsu saboda shi. Shago ɗan dambe kuwa, matasan da ba su taɓa ganin ko hotonsa ba sun san shi, albarkacin waƙar Ɗan Anace. Sai dai waƙa zuga take yi, ba ta ƙirge. Za ta gaya maka mutum gwarzo ne, ba za ta gaya maka ranar haihuwarsa ko a wace ƙungiya yake yana shekara 14 ba. Ban da haka ma, makaɗi inda ake kyauta yake zuwa, kuma ban ga alamar za a sa kalangu a bi gola ba. Saboda haka aikin ya dawo kanku.

Kada ku ɗauka maganar tarihi ce kawai, ta kuɗi ce. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantaragi, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ana bin wata takarda ce da ake kira fasfon ɗan wasa, wadda ke nuna duk ƙungiyar da aka yi masa rajista a cikinta tun yana ɗan shekara 12. Ku yi lissafi da Ahmed Musa, wanda ya bar Kano Pillars a 2010, Leicester City kuma ta saye shi daga CSKA Moscow a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Kashi 5 na wannan ya kai fam 800,000. A irin wannan rabo, ƙaramar ƙungiya a Bakura ko Maradun tana da haƙƙi daidai da shekarun da yaro ya yi a hannunta, in har tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, in kuma an yi wa yaron rajista da sunanta. In babu wannan, kocin da ya sayi takalmi da kuɗin aljihunsa, ya yi shekara biyar yana tashin yaro da asuba, sai dai ya gan shi a talabijin ya ce yarona ne. Ba wanda zai ƙaryata shi, ba kuma wanda zai biya shi.

Nan ne za mu zo ga wurin da ke da zafi, wato shekaru. Na san abin da ake raɗa muku: ka rage uku, ka rage biyar, kowa haka yake yi. Ku ji abin da wannan ya jawo wa ƙasar nan. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka bayar a baya, ta kuma ƙwace gasar matasa ta duniya ta 1991 da aka ba mu. Daga 2009 aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar asibiti a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, domin ƙashin na nuna wanda ya gama girma. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yanzu kuma ga lambar NIN da takardun makaranta duk suna cikin kwamfuta, wata na tona asirin wata. Ban da tonon asiri, akwai zalunci a ciki: ƙaton da ya rage shekaru gurbin ƙanensa ya ci. Mu da muke cewa muna tsoron haƙƙi, wannan ma haƙƙi ne.

Abin daɗi shi ne, a cikin 'yan wasa goma sha ɗaya gola ne ya fi kowa rashin bukatar wannan ƙarya, domin shi a makare yake nuna. Dino Zoff ya ɗaga wa Italiya kofin duniya a 1982 yana da shekara 40. Essam El-Hadary na Masar ya tsaya a raga a gasar duniya ta 2018 yana da 45, har ya kaɗe fenariti a wasansu da Saudiyya. Misali mafi kusa da ku shi ne Stanley Nwabali. Ya zaga Enyimba da Lobi Stars, ya zo Katsina United, nan maƙwabta, a kakar da ta faɗo daga babbar gasa a 2022. Daga nan ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu, ƙungiyar da ba ta cikin manya. Mafi yawan 'yan Najeriya ba su san sunansa ba sai a farkon 2024, yana da shekara 27, lokacin da koci José Peseiro ya ba shi raga a gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa. Ranar 7 ga Fabrairu, a birnin Bouaké, ya kaɗe bugun fenariti biyu na Afirka ta Kudu, Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Wanda ya gan shi a filin Katsina shekara biyu kafin nan, ƙungiyarsa na nutsewa, da wuya ya yi masa wannan zato. Haƙuri da maimaita atisaye suka kai shi, ba fasfo mai sabuwar ranar haihuwa ba.

To me za a rubuta, kuma wa zai rubuta? Littafin makaranta guda ya isa. Kwanan wata, fili, da wa aka kara, yadda aka tashi, sunayen waɗanda suka buga, wa ya ci, gola ya kaɗe nawa. A rubuta ranar da aka lallasa ku 5 da nema kamar yadda za a rubuta ranar da kuka yi nasara, domin littafin da babu faɗuwa a cikinsa ba mai yarda da shi. A kowace ƙungiya akwai yaron da ke son ƙwallo kamar ransa amma ƙafarsa ba ta ba shi haɗin kai ba, kullum shi ne mai ɗaukar ruwa. Ku ba shi littafin, ku kira shi sakatare, ku girmama shi. Mai waya kuma ya ɗauki bidiyon wasa daga bayan raga, ba daga tsakiyar fili ba, kuma ya bar shi yadda yake. Masu neman gola suna son ganin inda yake tsayawa, yadda yake tsawata wa 'yan bayansa, yadda yake fitowa a bugun kwana da yadda yake raba ƙwallo da ƙafa. Bidiyon minti ɗaya da aka cika da kiɗa abokai kawai yake burgewa.

Ku kuma ajiye komai gida biyu. Mun ga yadda rashin tsaro ya tashi garuruwa a yankin nan, mutane suka fito da kayan jikinsu kawai, takardu suka salwanta. Mun kuma ga yadda aka rufe layukan waya a jihar Zamfara a Satumban 2021, abin da ke intanet ya gagara ɗaukowa. Don haka takarda a gida, hotonta kuma a intanet, har da takardar haihuwa da ta makaranta da duk wata yarjejeniya da kuka sa wa hannu. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, kada ka miƙa wa kowa fasfonka ya riƙe maka. Duk wanda ya ce zai kai yaro ɗan shekara 15 Turai in iyayensa sun sayar da gona, ku sani dokar FIFA ta hana cinikin 'yan ƙasa da shekara 18 tsakanin ƙasashe, sai a wasu 'yan sharuɗɗa da ba su shafi yaron Mafara ba. Gonar kawai yake so.

Saura magana guda, kuma ita ce iyayenku suka fi so in faɗa. Raga ba ta riƙe mutum har abada, wani lokaci ma ba ta sallama. Carl Ikeme yana golan Najeriya na ɗaya, ana kan hanyar zuwa gasar duniya, gwajin jini a Yulin 2017 ya nuna yana da sankarar jini, bayan shekara guda ya ajiye safar hannu yana da 32. Shi a Ingila yake, inda akwai asibiti da albashi mai kauri. Peter Fregene kuwa, wanda ya tsare wa Najeriya raga a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, ya yi shekaru yana jinya, har sai da tsohon ɗan wasan Najeriya Segun Odegbami ya riƙa fitowa yana nema masa taimakon jama'a, kafin ya rasu a Oktoban 2024. Ku haɗa shi da Ken Dryden, wani golan Montreal, wanda ya ɗauki kofi 6 a shekarun 1970 yana riƙe da karatun lauya. Da suka saɓa da ƙungiya kan albashi a 1973, sai ya ajiye wasa kaka guda ya tafi aiki a ofishin lauyoyi, su da kansu suka nemo shi. Ya yi ritaya yana da 31, daga baya ya zama ɗan majalisa har minista. Mai sana'a ta biyu ne kaɗai ke iya cewa a'a a teburin ciniki.

Ku ba ku da uzuri a nan. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Talata Mafara, ga kwalejin aikin gona a Bakura, ga ruwan madatsar Bakolori da ake noman rani da shi. Atisaye da asuba da la'asar ne, tsakiyar rana taku ce. Wanda boko bai karɓe shi ba, ya kama walda, ɗinki, gyaran waya ko shinkafa, ya riƙe da gaske.

Ku kuma manyanmu masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa a Mafara da Bakura da Maradun, roƙona gare ku shi ne kafin a buɗe gasar bana ku je Gusau ku yi wa ƙungiyoyinku rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ku sa kowane yaro ya kawo takardar haihuwarsa ta gaskiya daga ofishin hukumar ƙidaya, sannan ku sayi littafin nan ku damƙa wa wanda zai rubuta.